Darasi na Takwas: Tafiyar Ruwan Azurfa a Cikin Jiki Bayan An Sha Shi

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗin abin da ke cikin kwalbar ruwan azurfa, da karanta adadin da aka rubuta a jikinta;
2. bin sawun azurfa daga baki zuwa ciki, zuwa hanji, zuwa hanta da jini;
3. lissafa da kansa yawan azurfar da mutum ke sha a rana, da wadda ke shiga jininsa;
4. gane alamun taruwar azurfa a jiki, da magungunan da take hana wa aiki.

1. Mene ne ruwan azurfa?

Azurfa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da ita ake ƙera zobe da awarwaro da ɗan kunne. Ruwan azurfa kuwa ruwa ne da aka sa wa ɓurɓushin wannan ƙarfe, ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, aka ɗura a kwalabe, galibi masu duhu. A jikin kwalbar za ku ga an rubuta Colloidal Silver, wani lokaci kuma Nano Silver. An fi yin sa da sayar da shi a Amurka da Turai, amma yanzu tallansa na yawo ko'ina ta wayar hannu. Masu tallan sukan ce yana kashe ƙwayoyin cuta iri-iri, yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki, kuma ba shi da illa.

Don gane wane irin haɗi ne wannan ruwan, ku ɗauki kofi uku na ruwa. Ku zuba sukari a na farko, yashi a na biyu, madara a na uku, ku motsa, ku ajiye. Sukari zai narke ya ɓace. Yashi zai kwanta a ƙasa. Madara ba za ta ɓace ba, ba kuma za ta kwanta ba, domin 'yan ƙwayoyin mai da furotin da ke cikinta sun yi ƙanƙantar da za su yi ta shawagi a ruwan. Irin wannan haɗi na uku shi ake kira koloid, kuma shi masu yin ruwan azurfa ke cewa sun yi.

A gaskiya abin da ke cikin kwalba iri biyu ne a gauraye. Akwai ɓurɓushin da ke shawagi, akwai kuma azurfar da ta riga ta narke kamar sukarin kofin farko. Ruwan da ɓurɓushi ya yi yawa a cikinsa yakan yi rawaya ko ruwan kasa-kasa. Wanda ya fito garau kamar ruwan sha, galibinsa narkakkiyar azurfa ce. Gwaje-gwajen da aka yi wa kwalaben kasuwa sun sha nuna cewa adadin da ke ciki ya saɓa wa wanda aka rubuta a waje.

> Akwatin kalmomi na 1
> Koloid: haɗin da 'yan ƙwayoyi ke shawagi a cikin ruwa, ba su narke ba, ba su kwanta ba.
> Nanomita: ma'aunin tsawo. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan ɗaya, kowane gida nanomita ne. Ɓurɓushin azurfa yakan kai nanomita 1 zuwa 100. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubbai masu yawa.
> Ayon: narkakkiyar azurfa mai ɗauke da cajin lantarki. Wannan caji ne ke sa ta manne wa duk abin da ta taras.

2. Yadda ake karanta kwalba

Kowace kwalba na ɗauke da lamba tare da haruffan ppm: 10 ppm, 30 ppm, har 500 ppm. Ma'anarsu kashi nawa ne cikin miliyan. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙe cewa 1 ppm daidai yake da miligiram ɗaya na azurfa a lita ɗaya ta ruwa. Miligiram ɗaya kuma maikurogiram 1,000 ne.

Jiki ba ya buƙatar azurfa ko kaɗan. Yana buƙatar ƙarfen da ke gina jini, yana buƙatar aidin da ake sa wa gishiri, amma babu wani aiki a jikin ɗan Adam da aka san yana tsayawa don rashin azurfa, babu kuma wata cuta ta ƙarancinta. Saboda haka hukumomi ba su faɗi adadin da ya kamata a sha ba. Abin da suka faɗa shi ne iyakar da ba a so a wuce. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta sa maikurogiram 5 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, kuma wannan ya haɗa har da 'yar azurfar da ke cikin abinci da ruwan sha.

*Misali na 1.* Malam Sani tela ne, nauyinsa kilo 60. Ya sayi kwalba mai 10 ppm, mai sayarwa ya ce ya riƙa shan babban cokali ɗaya sau uku a rana.

Iyakarsa: 5 × 60 = maikurogiram 300 a rana.
Lita ɗaya ta ruwan tana da miligiram 10, wato maikurogiram 10,000. Lita kuwa mililita 1,000 ce, don haka kowace mililita na da maikurogiram 10.
Babban cokali mililita 15 ne: 15 × 10 = maikurogiram 150.
Sau uku a rana: 150 × 3 = maikurogiram 450.

Malam Sani ya wuce iyakarsa da rabi, alhali kwalbarsa na cikin masu rauni a kasuwa. Da mai 500 ppm ya saya, ƙaramin cokalin shayi guda, mai mililita 5, zai ba shi maikurogiram 2,500, fiye da ninki takwas na iyakarsa. Idan kuma ya ɗura wa ɗansa mai kilo 12 daga kwalbar mai 10 ppm, iyakar yaron maikurogiram 60 ce, ƙaramin cokali ɗaya kuwa 50 ne. Cokali na biyu ya tsallake da shi.

3. Baki da ciki

Wasu masu talla sukan ce a riƙe ruwan a ƙarƙashin harshe na ɗan lokaci kafin a haɗiye, wai don ya shiga jini kai tsaye. Miyau kansa yana da gishiri da furotin, kuma narkakkiyar azurfa na fara manne musu tun a baki. Ko wani abu ya ratsa ta nan, jinin da zai taras shi ne dai wanda za mu yi magana a kansa a sashe na 5.

Babban canji a ciki yake faruwa. Ciki na fitar da ruwa mai tsami sosai don narkar da abinci, kuma wannan ruwa cike yake da kuloraid, sinadarin da ya zama rabin gishirin miya. Abu biyu ke faruwa a lokaci guda, kuma suna jan juna.

Na farko, tsamin na cin bayan ɓurɓushin yana sakin narkakkiyar azurfa. Gwargwadon ƙanƙantar ɓurɓushi, gwargwadon saurin narkewarsa. To kun ga maganar masu talla cewa nasu ya fi na kowa ƙanƙanta ba ta nufin zai isa jini yana yadda yake. Ta fi nufin zai riga na kowa narkewa.

Na biyu, narkakkiyar azurfa ba ta haɗuwa da kuloraid a rabu lafiya. Duk wanda ya yi kimiyya a sakandare zai tuna gwajin nan: malami ya ɗiga ruwan silba naitiret, garau da shi, a cikin ruwan gishiri, shi ma garau. Kafin ɗigon ya kai ƙasan kwalbar gwaji, farin gajimare ya tashi, sannan ya taru guda-guda ya kwanta. Idan aka ajiye shi a taga, kafin a tashi darasi farin ya fara rikiɗewa zuwa toka-toka mai duhu. Wannan farin abu shi ne silba kuloraid, kuma da ƙyar yake narkewa. Irinsa ke samuwa a cikin wanda ya sha ruwan azurfa. Ku riƙe maganar taga, za mu buƙace ta nan gaba.

Ɓurɓushin da bai narke ba kuma yakan dunƙule da juna a cikin tsami da gishiri, ya zama manyan guntaye. Idan akwai abinci a ciki, furotin ɗinsa ya sake kama wani kaso. Abin da ke gangarawa hanji ke nan ya riga ya sha bamban da abin da ke cikin kwalba.

> Akwatin kalmomi na 2
> Tsotsa: wucewar abu daga cikin hanji, ta bangonsa, zuwa jini. Abin da aka haɗiye bai shiga jiki ba tukuna sai hanji ya tsotse shi.
> Silba kuloraid: farin abu mai wuyar narkewa da ke samuwa idan narkakkiyar azurfa ta gamu da sinadarin gishiri. Haske na mai da shi baƙi.

4. Nawa hanji ke tsotsa?

Ƙaramin hanji shi ne mashigar abinci da magani zuwa jini. Bangonsa na da 'yan ƙofofi, kowace da irin abin da take karɓa. Babu ƙofar da aka tanadar wa azurfa, amma narkakkiyar azurfa ta yi kama da jan ƙarfe, wanda jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga gare shi, kuma an nuna tana iya bin ƙofar jan ƙarfen ta shige. Ɓurɓushi kuwa kaɗan ne daga cikinsa ke iya ratsa bangon yana yadda yake. Mafi yawan azurfar da ke isa jini narkakkiya ce.

A 1968 masu bincike a Amurka sun ba ɓeraye da birai da karnuka azurfa ta baki, suka auna abin da ya fito. Cikin kwana biyu, kashi 90 zuwa 99 cikin 100 ya bar jiki, kusan duka ta bayan gida. Karnuka ne suka fi riƙewa, kimanin kashi 10. Daga irin wannan aiki ne aka sami ƙiyasin da ake yawan amfani da shi, cewa abin da ke tsayawa a jiki bai cika wuce kashi 10 ba.

Amma mutane sun bambanta. A 1980 likitoci a Birtaniya sun ba da rahoton wata mata da ta daɗe tana tsotson wata alawa mai azurfa da ake sayarwa don barin shan taba, har fatarta ta canza. Da suka ba ta awon azurfa da za su iya bin sawunsa, sai jikinta ya riƙe kashi 18 cikin 100, kuma bayan mako 30 adadin na nan kusan yadda yake.

Shi ruwan azurfa na kasuwa, an gwada shi a Jami'ar Utah ta Amurka, aka buga sakamakon a 2014. Mutum 60 masu lafiya ne suka sha, wasu mai 10 ppm wasu mai 32 ppm, har zuwa kwana 14. Azurfa ta bayyana a jinin da yawa daga cikinsu, musamman masu shan mai ƙarfin. Ba a ga wata illa ta a zo a gani ba a wannan ɗan lokaci. Masu talla na son ambaton wannan ɓangare. Sai dai mako biyu ba shekara biyu ba ce, kuma gwajin bai duba ko ruwan na warkar da wata cuta ba, tunda masu lafiya aka ba.

5. Hanta da jini

Duk abin da hanji ya tsotsa, wata babbar jijiya na kai shi hanta kafin ya zaga sauran jiki. Hanta ta kama kaso mai yawa na azurfar, ta ɗaure ta da wasu sinadarai nata masu ɗauke da farar wuta, ta zuba ta a ruwan matsarmama. Ruwan matsarmama ya gangara hanji, azurfar ta fita ta bayan gida. Wannan ce babbar hanyar fitarta. Abin da ke bin fitsari kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa yawan shan ruwa ba ya wanke ta. Shi ya sa kuma mai ciwon hanta ke cikin ƙarin haɗari.

Wadda ta kuɓuce wa hanta ta shiga jini ba ta yawo a sake. Jini ruwan gishiri ne, cike kuma yake da furotin, nan take suke kama ta. Azurfa na kashe ƙwayar cuta ne idan ta manne wa furotin ɗin ƙwayar. Wadda ta riga ta manne wa furotin ɗin jininka ta gama aikinta.

*Misali na 2.* Mu koma wurin Malam Sani da maikurogiram 450 ɗinsa. Mu yi wa ruwan adalci, mu ce kashi 10 ya shiga, kuma hanta ba ta taɓa ko ɗigo ba.

450 ÷ 10 = maikurogiram 45.
Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne: 45 ÷ 5 = maikurogiram 9 a kowace lita.
A kwalba kuwa maikurogiram 10,000 ne a kowace lita.
10,000 ÷ 9 ya haura 1,100.

Ƙarfin azurfar a jini ya ragu fiye da sau dubu a kan na kwalba, kafin ma a cire rabon hanta da na furotin. Gaskiya ne idan aka ɗiga ruwan kwalba a kan ƙwayoyin cuta a faifan gwaji sukan mutu, kuma irin hoton da ake nuna muku ke nan a talla. Sabulu ma na kashe su a faifai, ba wanda ya ce a sha.

6. Inda azurfa ke zama

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci, don haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Azurfar da ba ta fita ba tana sauka a hanta da saifa da ƙoda da fata da ido. A can take haɗuwa da farar wuta da wani sinadari mai suna seleniyom, ta zama 'yan ƙwayoyi baƙaƙe waɗanda ba sa narkewa. Tunda ba sa narkewa, da wuya jini ya ɗauke su. Wani gwaji da aka yi wa ɓeraye a Holan, aka buga a 2012, ya nuna abu biyu. Ɓerayen da aka ba narkakkiyar azurfa zalla, an sami ƙwayoyi a gaɓoɓinsu, wato a cikin jiki ƙwayoyin suka ƙullu. Sannan mako takwas bayan an daina ba su, azurfar ta bar yawancin gaɓoɓi, amma tana nan a ƙwaƙwalwa da maraina.

A fata, ƙwayoyin sun fi taruwa a kewayen mafitar gumi. Yanzu ku tuna farin abin nan da malami ya ajiye a taga. Haske na mai da sinadaran azurfa baƙi, kuma da wannan ɗabi'a tasu aka yi fim ɗin hoto na da, wanda ake wankewa a ɗaki mai duhu. A fatar mutum ma haka: inda rana ta fi duka, fuska da wuya da bayan hannu, nan ya fi rinewa, ya zama toka-toka mai shuɗi-shuɗi. Likitoci na kiran wannan arjiriya.

> Akwatin kalmomi na 3
> Arjiriya: rinewar fata da ido da dasashi da farce saboda azurfar da ta taru a jiki. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba ta gogewa ko an daina shan azurfa.

Sau da yawa dasashi ne ke fara yin duhu, sai gindin farce ya yi shuɗi-shuɗi, farin ido ya dishe. Ga mai baƙar fata waɗannan wurare uku su ne abin dubawa, domin canjin fuska na iya daɗewa ba a lura ba, ko a ɗora laifin a kan rana ko man shafawa. A asibiti ma akan ɗauka ciwon zuciya ne ko na huhu, saboda su ma suna sa leɓe da farce su yi shuɗi. Dole mara lafiya ya faɗi abin da yake sha.

Rosemary Jacobs, wata Ba'amurkiya, tana da shekara 11 likita ya rubuta mata maganin ɗigawa a hanci mai azurfa, a shekarun 1950. Abin da aka ɗiga a hanci yakan gangara maƙogwaro a haɗiye. Tana da shekara 14 fatarta ta zama toka-toka, daga baya kuma ta shafe shekaru tana gargaɗin mutane. Stan Jones, wanda ya yi takarar sanata a jihar Montana a 2002 da 2006, ya fara haɗa ruwan azurfa a gida a 1999, don tsoron za a rasa magunguna idan kwamfutoci suka rikice a shigowar shekarar 2000. Paul Karason shi ma a gida yake haɗawa, ya yi shekaru yana sha da kofi, har da shafawa a fuska. Da ya fito a talabijin a 2008 duniya ta ga mutum shuɗi sosai. Ya rasu a 2013 bayan bugun zuciya, launin bai taɓa barinsa ba.

Haɗin gida ya fi haɗari. Wayoyin azurfa biyu ne ake tsomawa a ruwa a haɗa su da batir, kuma mai haɗawa ba shi da abin auna ƙarfin abin da ya fito.

*Misali na 3.* Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin giram 10 na azurfa ta baki, a tsawon rayuwa gaba ɗaya, shi ne adadin da ba a sa ran ganin illa a ƙasa da shi. Giram 10 miligiram 10,000 ne.

Malam Sani na shan miligiram 0.45 a rana: 10,000 ÷ 0.45 ya kai kwana 22,000 da 'yan kai, kimanin shekara 60.
Wani kuma na shan kofi guda, mililita 250, na haɗin gida da ya kai 100 ppm. Rubu'in lita ke nan: 100 ÷ 4 = miligiram 25 a rana. 10,000 ÷ 25 = kwana 400.

Wannan lissafi ya nuna dalilin da ya sa wani zai ce maka ya sha kwalba biyu bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya kuma nuna yadda mai kofi ke cinye rabon rayuwarsa cikin shekara ɗaya da wata guda. Da yayyafi kogi kan cika. Kada dai ku ɗauki giram 10 a matsayin izini: ƙiyasi ne, jikin wani ya fi na wani riƙewa, kuma lambar da ke jikin kwalba ba abin dogaro ba ce.

Magungunan da ake ba wanda dalma ta shiga jikinsa don su janyo ta waje ba sa aiki a kan azurfa. An yi amfani da na'urar leza wajen rage launin a fuskar wasu, amma aikin na da zafi da tsada, kuma fata kawai yake taɓawa. Ban da launi, an sami rahotannin lahani ga ƙoda da hanta, da farfaɗiya ga wasu da suka sha da yawa. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su nisance shi gaba ɗaya.

7. Idan ta haɗu da magani a hanji

Ɗabi'ar azurfa ta manne wa abu ba ta bar magani ba. Idan suka haɗu a ciki, tana iya kama shi ta rage abin da hanji zai tsotsa. Waɗanda aka fi ambata su ne tetarasaikilin, da dangin siprofuloksasin da ake yawan bayarwa don taifot da ciwon mafitsara, da tayroksin, wanda masu raunin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo ke sha kullum.

*Misali na 4.* Hajiya Binta ta koma wurin ma'aikaciyar jinya bayan kwana biyar tana shan maganin taifot, zazzaɓi bai sauka ba.

"Hajiya, kina shan maganin a kan lokaci kuwa?"
"Wallahi 'yata, ko sau ɗaya ban tsallake ba. Har da ruwan azurfa nake korawa, ƙanena ya aiko mini, ya ce yana ƙara wa magani ƙarfi."
"To Hajiya, a ajiye wannan ruwan daga yau. Yana iya riƙe maganin a hanji ya hana shi isa jini. Ki zo da kwalbar gobe likita ya gani, a sake auna ki."

Ku lura ma'aikaciyar ba ta ce a raba lokacin shansu ba. Ana raba lokaci ne tsakanin abubuwa biyu da ake buƙatarsu duka.

8. A waje da a ciki

Azurfa na da gurbinta a asibiti, amma a bayan fata. A 1881 likita Carl Credé na birnin Leipzig a Jamus ya yaɗa ɗiga silba naitiret a idon jarirai don kare su daga makantar da ciwon sanyin uwa ke jawowa. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake shafa man silba salfadayazin a kan ƙuna, akwai kuma bandeji mai azurfa. A duk waɗannan, azurfar na haɗuwa da ƙwayar cuta ido da ido, da cikakken ƙarfinta, ba ta bi ta ciki da hanta ba.

Na sha kuwa, a 1999 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yanke cewa ba a amince da ruwan azurfa a matsayin magani mai aiki ko mara illa ga kowace cuta ba. Ana ci gaba da sayar da shi ne da sunan ƙarin abinci. Duk da haka, da annoba ta taso sai tallansa ya farfaɗo. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola a Legas, ministan lafiya na Nijeriya na wancan lokaci, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya sanar cewa za a gwada Nano Silver a kan masu cutar. Cikin 'yan kwanaki aka janye, aka ce bai cika ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa ba. Da bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar da keɓe su aka ci ƙarfin Ebola, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Nijeriya ta rabu da ita a ranar 20 ga Oktoban 2014. A 2020 kuma jihar Missouri ta kai mai wa'azin talabijin Jim Bakker kotu saboda tallan ruwan azurfa a matsayin maganin korona, aka ƙare da yarjejeniyar mayar wa masu saye kuɗinsu.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne nau'o'i biyu na azurfa ake samu a cikin kwalba? Wanne ne ya fi isa jini?
2. Bayyana da kalmominka abu biyu da ruwan tsamin ciki ke yi wa ruwan azurfa.
3. Ta wace hanya mafi yawan azurfa ke barin jiki? Me ya sa yawan shan ruwa ba ya wanke ta?
4. Wata mata mai kilo 50 na shan ƙaramin cokali biyu a rana daga kwalba mai 30 ppm. Lissafa iyakarta da abin da take sha. Ta wuce ko ba ta wuce ba?
5. Idan kashi 10 na abin da matar nan ta sha ya shiga jininta mai lita 5, maikurogiram nawa ke cikin kowace lita?
6. Me ya sa fuska da bayan hannu suka fi rinewa? Waɗanne wurare uku za ka duba a jikin mai baƙar fata?
7. Ambaci magunguna biyu da azurfa ke iya rage wa aiki.
8. Wani ya ce maka: "Ai a asibiti ma ana shafa azurfa a kan ƙuna, don haka a sha ba komai." Rubuta amsar da za ka ba shi cikin jimla uku.

Aikin gida: Ku duba magunguna da kayan ƙarin lafiya da ke gidajenku, ku kwafo abin da aka rubuta a jikin guda biyu, ku zo da shi aji mu karanta tare. Wanda ya sami mai ɗauke da sunan azurfa, ko ya san wani da ya daɗe yana shan ta, ya kai kwalbar wurin likita ko mai haɗa magunguna, ya gaya masa tun yaushe ake sha da kuma cokali nawa a rana.